Shaida a Kan Hayaƙin da Bai Tashi Ba

A ranar 20 ga Oktoba, 2005, wani kwamiti na Majalisar Ɗinkin Duniya mai ofis a birnin Bonn na ƙasar Jamus ya fitar da kashin farko na wata sabuwar haja: takardun shaida waɗanda kowace ɗaya ke tabbatar da cewa an hana tan ɗaya na iskar kabon hawa sama. Waɗanda suka fara karɓa ƙananan tashoshin wutar ruwa biyu ne a ƙasar Honduras, Rio Blanco da La Esperanza, babu wadda ƙarfinta ya kai megawat 15 a cikinsu. Daga nan ƙofa ta buɗe, har ya kasance cikin ayyuka fiye da 7,800 da kwamitin ya yi wa rajista, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wutar ruwa ne. A watan Agustan 2024 kuma, majalisar da ke sa ido kan ingancin kasuwar kabon ta sa-kai, wadda ake kira ICVCM, ta ƙi sa hatiminta a kan hanyoyin lissafin da aka daɗe ana amfani da su wajen ba wutar ruwa da ta iska da ta rana irin waɗannan takardu. Hukuncin ya shafi takardu kimanin miliyan 236 da ke jibge a kasuwa. A cikin shekaru 19 ɗin nan wata sana'a ta tashi, ta yi tashe, ta dusashe, da masu lissafinta da masu tantancewarta da dillalanta. A ganina, dusashewar ba ta samo asali daga ha'incin wasu 'yan tsiraru ba. Matsalar tana cikin abin da aka nemi takardar ta shaida tun ranar farko, kuma babbar madatsar ruwa ita ce wurin da wannan shaida ta fi wuyar tsayawa.

Asalin al'amarin yana birnin Kyoto na Japan, a Disambar 1997. Ƙasar Barazil ta zo taron sauyin yanayi da aka yi a can da shawarar a kafa asusu wanda ƙasashe masu arziki za su riƙa zuba tara a ciki in sun kasa rage hayaƙinsu, a yi amfani da kuɗin wajen taimaka wa ƙasashe masu tasowa. Amurka ba ta son jin maganar tara, tana kuma alfahari da kasuwar da ta kafa a gida tun 1990 don rage hayaƙin farar wuta daga tashoshin kwal. Kafin a tashi daga taro, asusun tara ya rikiɗe ya zama kasuwa, wato Tsarin Tsabtataccen Ci Gaba da aka fi sani da CDM. Hujjar tana da daɗin ji: sararin sama ɗaya ne, saboda haka tan ɗin da aka rage a Indiya daidai yake da wanda aka rage a Jamus, kuma a Indiya ya fi araha. Kamfanin Turai sai ya biya kuɗin ragewa a can, ya karɓi takarda, ya ci gaba da tayar da tan ɗaya a gida. An shimfiɗa ƙa'idojin a Marakesh a 2001, aka keɓe makamashin nukiliya, aka bar manyan madatsu a ciki duk da ƙorafin ƙungiyoyin kare koguna. Amurka da ta kawo tsarin ba ta ma rattaba amincewar ƙarshe ga yarjejeniyar Kyoto ba, sai Tarayyar Turai ta zama babbar mai saye bayan ta buɗe kasuwarta a 2005. Akwai wani bambanci da ba a tsaya an auna nauyinsa sosai ba a lokacin. A kasuwar farar wuta ta Amurka, kowace tasha tana da iyakar da aka yanka mata, ana kuma auna hayaƙin a bakin bututu. A sabon tsarin, ƙasar da ake yin aikin ba ta da iyaka ko kaɗan. Abin da ake sayarwa shi ne tazarar da ke tsakanin abin da ya faru da abin da aka ce da zai faru.

Ga yadda aikin yake tafiya a zamanin CDM. Mai madatsa zai ɗauki kamfanin ba da shawara ya rubuta masa kundin aiki. Gwamnatin ƙasarsa za ta ba da wasiƙar cewa aikin yana taimakon ci gaba mai ɗorewa. Wani kamfanin tantancewa da kwamitin Bonn ya ba lasisi zai duba kundin, ya ziyarci wurin, ya ce ya gamsu. Kwamiti ya yi rajista, sannan a riƙa karɓar takardu ko dai na shekara 10 a tsaye, ko na shekara 7 da za a iya sabuntawa sau biyu. Lissafin kansa ba shi da wuya. A karanta mita a ga wutar da tashar ta tura wa babban layin ƙasa, a ninka da adadin kabon da sauran tashoshin ƙasar ke fitarwa a kan kowane ma'aunin wuta. A ƙasar da ta dogara da kwal, adadin yakan kusanci tan ɗaya a kowace megawat ta awa guda. Wannan rabin aikin gaskiya ne tsantsa, domin mita ba ta da ra'ayi. Ɗaya rabin shi ne sharaɗin ƙari, wanda ya ce dole mai aiki ya nuna cewa ba don kuɗin takardun ba da ba a gina madatsar ba. Duk nauyin tsarin a kan wannan sharaɗi yake. In har za a gina madatsar ko da takarda ko babu, to takardar ba ta rage komai ba, sai ma ta ba wani kamfani a Turai izinin ƙara tan ɗaya wanda da doka ta hana shi. Takardar banza a wannan kasuwa tana ƙara hayaƙin duniya ne, kuma zafin da ke biyo baya ba ya tsallake manomin Sahel don bai san da cinikin ba.

Akwai ayyukan da amsar tambayar ke fili. Wanda ya kama iskar da ke tashi daga juji ya ƙone ta ba shi da wata riba sai takardar, don haka ba a wahalar gaskata shi. Madatsa kuwa wuta take sayarwa, shekara hamsin ko ɗari, kuma tun ƙarni na 19 ake gina tashoshin wutar ruwa ba tare da kowa ya ambaci kabon ba. Mai yanke shawarar ginata galibi gwamnati ce, don dalilan da suka haɗa da noman rani da hana ambaliya da samar da ayyuka da martabar ƙasa. Hanyar da aka fi bi wajen cika sharaɗin ita ce lissafin riba: a nuna cewa ba tare da takardu ba ribar jarin ba ta kai mizanin da aka saba ba, da takardu kuma ta haye. To amma alƙaluman da ke shiga lissafin duka hasashe ne, daga yawan ruwan da kogi zai kawo zuwa farashin wuta da kuɗin siminti da tsawon lokacin gini. Wani bincike da masana a Jami'ar Oxford suka fitar a 2014, bayan sun duba manyan madatsu 245, ya gano cewa a matsakaici kuɗin gini yakan zarce ƙiyasi da kashi 96 cikin ɗari. A inda kuskuren ƙiyasi kaɗai ke iya ninka kuɗin aiki, ɗan sassauta hasashen ruwa ko ɗan ɗaga kuɗin gini ya isa ya sauko da riba ƙasa da mizani, ba tare da an faɗi wata ƙarya da za a iya kamawa ba. Mai aiki yana nuna wa banki lissafi mai fara'a don ya sami bashi, yana nuna wa Bonn lissafi mai ɗaure fuska don ya sami takarda, kuma duka biyun suna cikin da'irar abin da zai iya yiwuwa.

Ba a jima ba alamu suka fara fitowa. A 2007 ƙungiyar International Rivers ta fitar da binciken Barbara Haya, wanda ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na manyan madatsun da aka yi wa rajista an riga an gama gina su kafin rajistar, kuma kashi 89 cikin ɗari ana sa ran kammala su cikin shekara guda da samunta. Aikin da ke cin shekaru masu yawa, in ya zo neman tallafi yana dab da ƙarewa, da wuya a yarda tallafin ne ya tayar da shi. A 2008 Michael Wara da David Victor na Jami'ar Stanford suka lura cewa kusan duk sabuwar tashar wutar ruwa da ta iska da ta gas a ƙasar Sin tana neman takardu. In an ɗauki iƙirarinsu gaba ɗaya, ma'anarsa ita ce ba don Bonn ba da Sin ta daina gina madatsu, alhali gwamnatinta ta riga ta sa wa kanta burin megawat 300,000 na wutar ruwa kafin 2020, ta kuma gina madatsar Kwazazzabai Uku mai megawat 22,500 ba da takarda ko ɗaya ba. Kowane kundi a karan kansa yana iya gamsar da mai dubawa, jimillarsu ce ba ta shiga hankali. Kwamiti ya yi gyara a Agustan 2008, ya ce duk sabon aiki ya sanar da niyyar neman takardu cikin wata shida da farawa. Gyaran ya koya wa kowa aika wasiƙa da wuri, amma wasiƙa ba ta nuna ko aikin ya dogara da kuɗin. A 2013 aka amince da madatsar Jirau da ke kogin Madeira a Barazil, mai megawat 3,750, wadda aka ƙiyasta za ta sami takardu kusan miliyan 6 a shekara. Tun 2008 gwamnati ta yi gwanjon kwangilarta, kuma a 2009 bankin raya ƙasa na Barazil ya amince mata da bashin riyal biliyan 7.2. A 2016, binciken da cibiyar Öko-Institut ta Jamus ta yi wa Hukumar Tarayyar Turai ya kammala cewa kashi 85 cikin ɗari na ayyukan da ta nazarta da wuya su kasance ƙari na gaskiya, kashi 2 kacal ne ke da ƙwaƙƙwaran zato. Wutar ruwa tana cikin rukunin da aka fi shakka.

Ina masu tantancewa suke duk wannan lokaci? Suna nan, kuma ba ƙananan kamfanoni ba ne. DNV na Norwe da TÜV SÜD na Jamus da SGS sun yi suna tun tuni wajen duba jiragen ruwa da tukwanen masana'antu da kayan fatauci. Amma mai madatsa ne ke zaɓensu, shi ke biyansu, kuma suna gasa da juna wajen neman aiki. A kasuwar shanu kowa ya san dillali yana cin la'ada ne in ciniki ya faɗa, shi ya sa mai saye ke buɗe bakin saniya da kansa ya duba haƙora, domin shi zai kwana da ita. A kasuwar kabon mai saye ba ya kwana da komai. Takardar da aka yi wa rajista tana biya masa bukatar doka ko ta gaskiya ce ko ba ta gaskiya ba, kuma mai araha ta fi masa. Mai sayarwa yana so ta wuce, gwamnatin ƙasarsa tana so ta wuce, mai tantancewa yana so a sake kiransa. Wanda zai yi asara ba ya wurin cinikin. Kwamitin Bonn ya dakatar da DNV a Nuwambar 2008, reshen SGS na Ingila a Satumbar 2009, TÜV SÜD kuma a Maris na 2010, kowanne na ɗan lokaci, saboda giɓin da aka gano a yadda suke aiki. Ba na ɗaukar wannan a matsayin hujjar cewa ma'aikatansu marasa gaskiya ne. Injiniyan da ya ƙware wajen auna kaurin ƙarfe an tura shi ya auna niyyar mai zuba jari, abin da babu na'urar da ke aunawa.

Akwai wani ɓangare na tarihin da tsarin ya taka rawar gani, kuma ya cancanci a tsaya a kansa domin yana haska sauran. Da farko an ɗauka wutar ruwa ba ta da hayaƙi sam. Masu bincike, musamman Philip Fearnside da ke aiki a Manaus, suka nuna cewa itatuwa da ciyayin da tafki ya haɗiye suna ruɓewa a ƙasan ruwa inda babu iskar shaƙa, suna fitar da iskar metan wadda ta fi kabon riƙe zafi nesa ba kusa ba, kuma abin ya fi tsanani a ƙasashe masu zafi. Madatsar Balbina ta Amazon ta zama abin misali: ta nutsar da daji fiye da murabba'in kilomita 2,000 don megawat 250 kawai. A 2006 kwamiti ya kafa ma'auni mai sauƙi, a raba ƙarfin tasha da faɗin tafkinta. In sakamakon bai wuce wat 4 a kan kowace murabba'in mita ba, ba za a yi amfani da hanyar lissafin da aka amince da ita ba. Tsakanin 4 da 10, a cire giram 90 na kabon daga kowace kilowat ta awa guda. Sama da 10, a ƙyale hayaƙin tafkin. Don a ga tsananin ma'aunin, Kainji da aka gama a 1968 tana da megawat 760 a kan tafki mai kusan murabba'in kilomita 1,300, wato ba ta kai wat ɗaya ba, Akosombo ta Gana kuwa da tafkinta na Volta mai murabba'in kilomita 8,500 ta fi haka nisa da layin. Da yau ake gina su, babu wadda za ta haye. Ma'aunin yana da kaushi, bai bambanta tafkin ƙasa mai sanyi da na mai zafi ba, masana kuma sun soke shi ta ɓangarori biyu. Amma ya yi aiki, domin faɗin ruwa da ƙarfin inji abubuwa ne da ake aunawa, ba a roƙonsu su sauya. Duk inda tsarin ya tambayi abin da ake gani ya sami amsa, inda ya tambayi abin da da zai faru kuma sai ya sami labari.

Mutanen bakin kogi kuwa takardar ba ta taɓa zama tasu ba. Hukumar Madatsu ta Duniya, ƙarƙashin Kader Asmal na Afirka ta Kudu, ta ƙiyasta a rahotonta na Nuwambar 2000 cewa madatsu sun tayar da mutane tsakanin miliyan 40 da 80 daga gidajensu. Mutanen tsohuwar Busa da ƙauyukan ƙasar Yawuri, fiye da 40,000 da Kainji ta tayar, suna cikin wannan adadi. A 2004 Tarayyar Turai ta ce duk madatsar da ta haura megawat 20 sai ta mutunta ƙa'idojin wannan hukuma kafin ƙasashenta su amince da takardunta, to amma tsarin Bonn kansa ya bar hukuncin ci gaba mai ɗorewa a hannun gwamnatin ƙasar da ake aikin, ba shi kuma da ƙofar da wanda aka cuta zai kai kuka. Madatsar Barro Blanco a kogin Tabasará na Panama, wadda ba ta kai megawat 30 ba, ta sami rajista a 2011 duk da cewa 'yan ƙabilar Ngäbe sun daɗe suna cewa ba a nemi yardarsu ba, kuma tafkin zai ci gidajensu da gonakinsu da wuraren da suke girmamawa. An fara tara ruwa a 2016. A Nuwambar wannan shekara Panama ta janye wasiƙar amincewarta, aikin ya fita daga rajista, karo na farko da aka yi haka. Ruwan dai ya riga ya hau, bai kuma sauka don an soke takarda ba.

Sai kasuwar ta faɗi. Takardar da ta haura yuro 20 a 2008 ta koma ƙasa da yuro ɗaya a ƙarshen 2012. Karayar tattalin arziki ta rage hayaƙin masana'antun Turai, takardu sun yi yawa, Turai ta ce daga 2013 ba za ta karɓi na sababbin ayyuka ba sai daga ƙasashe mafiya talauci, daga 2021 kuma ta rufe ƙofar gaba ɗaya, bayan kamfanoninta sun riga sun yi amfani da takardun waje fiye da biliyan ɗaya. Wannan faɗuwa ta zama gwajin da babu mai bincike da zai iya shirya shi. In da kuɗin kabon ne ke tayar da madatsu, da gini ya tsaya. Bai tsaya ba. Sin ta gama Xiluodu a 2014 da Baihetan mai megawat 16,000 a 2022. Habasha ta fara babbar madatsarta ta kogin Nilu a 2011 da kuɗin cikin gida. Najeriya ta gina Zungeru mai megawat 700 da bashin bankin Sin.

Takardun suka yi ƙaura zuwa kasuwar sa-kai, inda kamfanonin jiragen sama da na mai da bankuna ke saye don su ce sun goge hayaƙinsu. A can ma tarihi ya maimaita kansa da sauri. A 2019 Verra, wadda ta fi kowa girma a masu rajistar wannan kasuwa, ta daina karɓar sababbin ayyukan wutar da ke shiga babban layi in ba a ƙasashe mafiya talauci ba, manyan madatsu kuwa ta rufe musu ƙofa a ko'ina. Takwararta Gold Standard ta ɗauki mataki makamancin wannan. Ayyukan da aka kora suka nufi wata sabuwar hukumar rajista a Katar, Global Carbon Council, wadda takardunta na wutar iska da ta ruwa daga Turkiyya da Sabiya suka shiga lissafin gasar cin kofin duniya ta 2022. A Yunin 2023 hukumar da ke duba gaskiyar tallace-tallace a Switzalan ta ce FIFA ba ta kawo hujjar iƙirarinta na gasa marar hayaƙi ba. Muddin mai aiki yana da zaɓin wurin rajista, tsanantawar wata hukuma riba ce ga mai sassauci.

Masu kare tsarin suna da hujjoji, kuma ba na wasa ba ne. Ta farko ita ce madatsa tana rage hayaƙi da gaske. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya sa matsakaicin wutar ruwa a giram 24 na kabon kan kowace kilowat ta awa guda, kwal kuwa 820. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari, kuma shi ya sa ƙasashe ke da dalilin gina madatsu masu kyau. Sai dai tambayoyi biyu ne aka cakuɗa. Ko madatsa ta fi kwal tsabta tambaya ce guda, ko ta cancanci a ba wani izinin ƙara hayaƙi saboda ita tambaya ce daban. Amsar farko tana iya zama e, ta biyu ta zama a'a. Hujja ta biyu ita ce kuɗin ba kaɗan ba ne. A ƙaddara tasha mai megawat 100 da ke aiki rabin ƙarfinta a shekara, a ƙasa mai dogaro da kwal: za ta iya samun takardu 350,000, wato yuro miliyan 3.5 in farashi yana yuro 10. Kuɗi ne mai auki, yana kuma iya karkata shawara a wasu lokuta. Amma ranar da ake sa hannu kan bashin gini babu wanda ya san ko rajista za ta samu, ko nawa takarda za ta yi bayan shekara takwas, kuma bankin da zai ba da bashin shekara ashirin ba ya jingina da irin wannan fata. Lalle akwai madatsun da takardar ta taimaka wa, amma tsarin ba shi da hanyar raba su da sauran, kuma duka biyun takarda iri ɗaya suka karɓa.

Hujja ta uku ta fi kusa da mu, ta kuma fi ciwo. Afirka ba ta sami fiye da kashi 3 cikin ɗari na ayyukan CDM ba, Sin da Indiya da Barazil suka kwashe kaso mafi tsoka. Yanzu da nahiyar ke shirin shiga, sai a ce kasuwa ta gurɓace? A nan bashi yana da tsada, mutane wajen miliyan 600 ba su da wuta, kuma aikin da zai tashi da kansa a Sin yana iya shekara talatin a kan takarda a nan. Wannan gaskiya ne, shi ya sa ma aka bar wa ƙasashe mafiya talauci ƙofa. Amma ko a Afirka girman aiki yana sauya amsa. Madatsar Bujagali ta Yuganda, mai megawat 250, an haɗa kuɗinta a 2007 da hannun Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka da bankin zuba jari na Turai, a lokacin da ƙasar ke ƙona dizal mai tsada don cike giɓin wuta. Rajistar kabon ta zo a 2011, aka buɗe tashar a 2012. Bukatar wuta da lamunin manyan bankuna ne suka tayar da ita. Inda sharaɗin ƙari ke iya tsayawa da ƙafarsa shi ne ƙaramar tasha a kan rafi, wadda ke ba garin da babban layi bai kai ba wuta a madadin janareta, ba ta da tafki, ba ta tayar da kowa, babu kuma bankin da ke rububinta. A nan ana iya ƙirga litar dizal ɗin da aka daina saye. Babbar madatsa kuwa tana bukatar bashi mai sauƙi da lamuni da tallafin da ƙasashe masu arziki suka yi alkawari, kuɗin da ba ya zuwa da izinin wani ya ƙara hayaƙi.

Hujja ta ƙarshe ita ce an koyi darasi. Sashe na 6 na Yarjejeniyar Paris ya haifi magajin CDM, aka tsara ƙa'idojinsa a Glasgow a 2021, aka ƙarasa muhimmansu a Baku a 2024. Yanzu akwai hanyar ɗaukaka ƙara da kai kuka, akwai binciken haƙƙin jama'a da muhalli na dole, abubuwan da mutanen Tabasará ba su samu ba. Waɗannan gyare-gyare ne na gaske. Amma an bar tsofaffin ayyuka su nemi ƙaura zuwa sabon tsari, kuma madatsar da ta shekara goma tana sayar da wuta ba ta bukatar takarda don injinanta su ci gaba da juyawa. Sabon abu mafi nauyi shi ne yanzu kowace ƙasa tana da alkawarin rage hayaƙi nata, kuma tan ɗin da ta amince a sayar wa waje sai ta cire shi daga lissafinta. A zamanin Kyoto, gwamnatin da ta sa hannu kan wasiƙar amincewa ba ta rasa komai. Yanzu in Najeriya ko Nijar ko Kamaru ta sayar da ragin da madatsarta za ta kawo ko da babu takarda, ta sayar da ragi mafi araha da take da shi, sannan ta koma neman mai tsada don cika alkawarinta. A karon farko akwai wani a wurin cinikin da takardar banza za ta ci wa aljihu, kuma shi ne jami'in da wasiƙar amincewa ke jiran sa hannunsa a Abuja ko Yamai ko Yawunde.